Abalessa: Garin da Tarihinsa Ya Fara Daga Ƙwayar Ciyawa

Mai karatu, idan aka ce Abalessa, waɗanda suka san sunan sukan tuna da kabarin Tin Hinan, matar da Abzinawan Ahaggar ke kira kakarsu. Garin yana kudancin Aljeriya, kimanin kilomita 80 yamma da Tamanrasset. A shekarar 1925 Byron de Prorok da Maurice Reygasse suka tone kabarin, suka iske ƙasusuwan mace da mundaye na zinariya da azurfa, aka kwashe su zuwa gidan tarihi na Bardo a birnin Aljiyas. Zinariyar ta cika duniya da labari, har ta rufe wani ɓangare na tarihin da, a ganina, ya fi ta daraja.

Masu ba da labarin gargajiya sun ce Tin Hinan ta taso daga Tafilalt ta ƙasar Maroko tare da baiwarta Takamat. A tsakiyar hamada guzuri ya ƙare. Takamat ce ta lura da tururuwa, ta tone rumbunta, ta tara ƙwayar ciyawar da ke ciki, da ita suka rayu har Abalessa. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, domin kakanninmu ma sun tone gidan tururuwa, sun sussuka ƙarangiya a shekarun yunwa. An kuma ce 'ya'yanta mata uku sunayen namun jeji suka ɗauka: biyu na dangin barewa, ta ukun Tamarwalt, wato zomanya.

Wannan ba tatsuniya ce kawai ba. Mutanen Ahaggar sun daɗe suna girbar ciyayi biyu, afazo da tullult, suna niƙa ƙwayarsu su yi tuwo. Saboda haka a da shugabanninsu kan hana a shigar da raƙuma da awaki wasu kwaruruka har sai ƙwayar ta nuna an tara. Wanda ya karanta fiƙihu zai gane abin nan take, shi ne hima, makiyayar da ake killacewa don maslahar jama'a, irin wadda aka yi a Naƙi'u kusa da Madina. Babu waya, babu katanga. Maganar shugaba ce da kunyar idon dangi.

Noma kuwa baƙo ne. A wajajen 1860 Amanokal Alhaji Ahmad ya jawo manoma daga Tidikelt da Tuwat su zauna a kwaruruka irin na Abalessa. Su suka haƙa fuggara, magudanar ƙarƙashin ƙasa mai janyo ruwa daga cikin yashin kwari zuwa lambu ba tare da guga ba. Suka shuka alkama da sha'ir da sanyi, gero da zafi, ga dabino da ɓaure a gefe. Sai dai ba za a ɓoye zaluncin da ke ciki ba: manomin humusi kawai yake ɗauka, wato kashi ɗaya cikin biyar, sauran na mai ƙasa ne. Wannan tsari bai rushe ba sai bayan 'yancin Aljeriya a 1962.

Da zuwan lambu ne ciyawa ta zama iri biyu. Wadda ta tsiro tsakanin kunyoyi abokiyar gaba ce, ana cire ta da hannu a zuba wa akuya. Wadda ke bayan shinge abinci ce, ana tsaron ta. Lambun ma bai taɓa ƙosar da jama'a ba, shi ya sa a da ayari kan ɗauki gishirin Amadror ya gangara Damargu ya musanya da geronmu. Da yawa daga hatsin da aka ci a Ahaggar a ƙarnin jiya, a gonakin ƙasar Hausa da maƙwabtanta aka nome shi.

Yau injin famfo ya ture fuggara a mafi yawan lambuna, garin alkama na kanti ya ture afazo, mota kuma ta kai maharbi inda raƙumi ba ya isa da wuri. A 1987 gwamnati ta ayyana Ahaggar a matsayin yankin da doka ke karewa, Abalessa na ciki. Barewa da ragon dutse suna nan, ko da yake sun ragu. Rabbi, wato damisar hamada mai tsananin gudu wadda Abzinawa ke kira amayas, kyamarorin da masu bincike suka ɗana sun kama hotonsa tsakanin 2008 da 2010, aka sake ganinsa a 2020. Ita kuwa Tamanrasset, tun 2011 ruwan da take sha daga In Salah ake turo shi ta bututu, tafiyar kilomita fiye da 700.