Man Kaɗe da Tarihin Kula da Fata a Ƙasar Hausa: Waiwaye Daga Sheda

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin sawun hanyoyin da Hausawa da maƙwabtansu suka bi wajen kare fatar jikinsu daga zafin rana da iskar hunturu, tun kafin zuwan mayukan kanti. An ɗauki Sheda, wani gari da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kwali a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, a matsayin wurin tsayawa a yi waiwaye, saboda dalilai biyu. Na farko, yankin yana cikin sararin da itaciyar kaɗanya take fitowa da kanta a gonaki da dazuzzuka. Na biyu, duk da cewa ƙasar Gbagyi ce, ta daɗe tana cuɗanya da Hausa, domin kuwa gundumar Kwali ta kasance ƙarƙashin masarautar Abuja, wadda Haɓen Zazzau suka kafa bayan da jihadi ya fitar da su daga Zariya. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, burin Bahaushe na dauri game da fata laushi ne da sheƙi, kuma kalmomin harshen su ne babbar shaida.

2.0 Rana da Launin Fata a Bakin Bahaushe

Sunan Abuja kansa zancen fata ne. Sarki Abubakar, ƙanen Makau, wanda ya kafa garin a 1828, ana yi masa laƙabi da Ja ko Jatau saboda hasken fatarsa, daga nan aka sami Abu Ja. Tsohon garin shi ne aka mayar Suleja bayan dokar 1976 da ta ƙirƙiro sabon babban birnin tarayya. Kishiyar Jatau ita ce Duna, wato baƙin mutum ƙwarai, a tsakaninsu kuma akwai wankan tarwaɗa. Abin lura a nan shi ne, waɗannan kalmomi duk bayani suke yi a kan halitta. Babu ɗaya daga cikinsu da take nuni ga wani launi da mutum yake nema da gangan.

A Turai, daga shekarun 1920, masu hali sun ɗauki al'adar kwanciya cikin rana don fatarsu ta yi duhu, har abin ya zama alamar jin daɗi. Kalmar da Ingilishi yake amfani da ita ga wannan aiki ita ce dai kalmarsa ta jima, wato aikin da majema suke yi wa fatar akuya da bagaruwa. Hausa ba ta yi wannan aro na ma'ana ba, ko da yake kalmar "fata" guda ce ga mutum da dabba. A wurin Bahaushe "shan rana" wahala ce, "shan inuwa" kuwa hutu. Idan aka ce rana ta dafa mutum, tausaya masa ake yi.

Saboda haka kariya ta farko tufafi ce: malfa ga manomi da makiyayi da falke, rawani ga dattijo, mayafi ga mace. Buzaye, waɗanda suka fi kowa sanin rana, sun daɗe suna sayen turkuɗi na Kura ta ƙasar Kano, kuma suna son yadda shuninsa yake zuba a fatarsu. Bayan tufafi sai mai.

3.0 Man Kaɗe

Mayukan shafawa na gargajiya suna da dama, akwai man shanu da man gyaɗa da alayyadi wanda ake kawowa daga kurmi, amma babu wanda ya kai man kaɗe daɗewa da yaɗuwa. Bisa ga dukkan alamu, dangantakar "kaɗe" da "kaɗanya" irin ta "zaki" da "zakanya" ce, wato ɗafin mace ne aka liƙa wa tushe. Kalmar ba ta yi kama da "ori" ta Yarbanci ko "okwuma" ta Ibo ba, ba kuma a gano ta cikin Larabci ba. Wannan ya bambanta ta da yawancin kalmomin kwalliya na Hausa, kamar yadda za a gani nan gaba. J. M. Dalziel ya kawo itaciyar cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, haka ma ƙamusun Bargery na 1934.

Tarihin man ya girmi duk waɗannan rubuce-rubuce nesa ba kusa ba. Tonon da Daphne Gallagher da abokan aikinta suka yi a Kirikongo ta ƙasar Burkina Faso, wanda aka buga sakamakonsa a 2016, ya nuna cewa mutanen wurin suna sarrafa ƙwallon kaɗanya tun wajen shekara ta 100 Miladiyya. A 1352 Ibn Baɗɗuɗa, a hanyarsa daga Walata zuwa Mali, ya ga wani ɗan itace da ya kira "garti", wanda ake fitar da mai daga ƙwallonsa ana girki da shi, ana kunna fitila, ana shafawa a jiki, har ana kwaɓa shi da ƙasa a yi yaɓen ɗaki. Mungo Park ya sake bayyana shi bayan tafiyarsa ta 1796 a ƙasar Bambara, shi ya sa masana tsirrai suka daɗe suna jingina sunan itaciyar gare shi kafin a koma ga Vitellaria paradoxa. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Royal Niger yana sayen man a ƙasar Nufe, musamman a Egga, yana saukar da shi ta Kwara zuwa teku.

Aikin man kaɗe aikin mata ne, kuma aiki ne mai cin rai. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kuma ba a cika dasa ta ba, sai dai manomi ya bar ta a gona idan yana sassabe. Da faɗuwar damina mata da yara sukan fita da sassafe su tsinci waɗanda suka faɗo. A sha naman, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a daka a turmi, a soya, a niƙa, sa'an nan a zauna ana bugun ƙullun da hannu ana zuba ruwa kaɗan-kaɗan har man ya taso fari a sama. Shi ne za a kwashe a sake dafawa, a tace, a zuba cikin ƙwarya ya daskare. Kusan rabin nauyin ƙwayar mai ne, amma hannu ba ya iya fitar da shi duka.

Amfaninsa yana bin rayuwar mutum daga farko. Da shi ake shafe jariri bayan wanka, mai jego ta shafa, maɗori ya murza a targaɗe. Idan hunturu ya kama, jiki ya yi furu-furu, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi kaushi da faso, shi ake nema. Dalili kuwa a bayyane yake: mai ne da yake daskarewa a ƙwarya amma ya narke da ɗumin jiki, sai ya rufe fata ya hana danshinta tsiyayewa.

A nan ya kamata a yi hattara da wani zance da ya yaɗu a bakin 'yan talla, cewa man kaɗe yana tare hasken rana. Gaskiya ne masana kimiyya sun sami wasu sinadarai cikinsa masu tsotse wani ɓangare na hasken da yake ƙona fata, amma kariyar kaɗan ce ƙwarai. Abin da yake kare baƙin mutum shi ne sinadarin launi da aka halicce shi da shi. Zabiya, wanda ba shi da wannan sinadari, man kaɗe ba zai raba shi da ciwon dajin fata ba. Abin da yake bukata shi ne malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu da inuwa da man kariya na asibiti. Duk wanda ya gaya wa uwar zabiya akasin haka ya cuce ta.

4.0 Kalmomin Aro da Sauyin Manufa

Idan aka bar mai aka dubi sauran kayan gyaran jiki, sai a ga aro ya yi yawa. "Sabulu" da "kwalli" daga Larabci suke. Manazarta suna danganta "lalle" da "tozali" da harshen Buzaye, wanda ya nuna hanyar Sahara. "Dilka" da "halawa", waɗanda yau amarya ba ta shiga ɗaki sai da su, Larabcin Sudan ne, sun shigo ta Barno. Dukkansu ba su sauya manufa ba. Lalle ado ne na ɗan lokaci a hannu da ƙafa, dilka kuma cuɗa ce mai cire dauɗa da matacciyar fata.

Zamanin Turawa ya kawo "basilin", daga sunan Vaseline wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a shekarun 1870. Ba shi da warin man kaɗe, yana kuma zuwa cikin kwalba, don haka 'yan birni suka rungume shi, man kaɗe ya koma abin ƙauye. Amma basilin ma aikin laushi yake yi. Kalmar da ta zo da sabuwar manufa ita ce "bilicin". Ita ce kalmar farko a wannan fage da take nufin sauya launin da aka haifi mutum da shi, kuma abin sha'awa ne ga mai nazarin harshe cewa masu yin abin ba sa son ta, sun fi son su ce "gyaran jiki" ko "man haske". Alƙaluman da aka fi ambata, wato kashi 77 cikin ɗari, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa a 2011, sun samo asali ne daga binciken da aka yi tsakanin 'yan kasuwar Legas, don haka bai dace a shimfiɗa su kan ƙasa baki ɗaya ba. Duk da haka matsalar ta kai hukumar NAFDAC ta ayyana ta a matsayin lamarin gaggawa a 2023. Waɗannan mayuka suna rage sinadarin launin nan ne, su bar fata tsirara a gaban rana. Baƙin tabon kumatu da mata suke kira "ƙunar rana" sau da yawa daga nan yake.

5.0 Halin da Kaɗanya Take Ciki

Yayin da gida ya juya wa man baya, waje ya buɗe masa hannu. Dokar Tarayyar Turai ta 2000 ta yarda a sa mayukan itatuwa har kashi 5 cikin ɗari a cakulan, man kaɗe yana cikinsu, kuma masana'antun abinci ne suke cinye mafi yawan abin da ake fitarwa. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida. Farashi ya faɗi nan take, kuma matan da suke tsinta ne suka fara jin jiki.

A Sheda akwai cibiyar kimiyya da fasaha ta tarayya, SHESTCO, wadda aka kafa a farkon shekarun 1990, da ɗakunan gwajin sinadarai. A gefen hanyar da ta bi ta yankin kuma ana jera buhunan gawayi don kasuwar Abuja, kuma kaɗanya tana cikin itatuwan da masu gawayi da masassaƙa turmi suka fi so saboda taurinta. Itaciyar da ta yi shekara 20 kafin ta haihu, yini guda ya isa a kayar da ita. Aikin da ya rataya a wuyan masana harshe shi ne su shiga ƙauyukan Kwali da Abaji da Gwagwalada da na'urar ɗaukar magana, su tattara sunayen kowane mataki na wannan sana'a da Gbagyi da Bassa da Ganagana da Hausar yankin, daga bakin tsofaffin matan da har yanzu suke bugun ƙullu da hannu.