Daga Sirrin Madugu Zuwa Wayar Aljihu

A bikin cikar shekara na ƙungiyarmu, ya dace mu waiwayi hanyar da kakanninmu suka taka, domin akwai darasi a cikinta game da wayar da ke aljihun kowannenmu.

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya bi ta Nikki da Jugu, ya ratsa ƙasar Kotokoli, ya nufi Salaga a Gwanja don sayen goro. Didaure, wadda yau unguwa ce a Sokode, mazaunin 'yan kasuwa Musulmi ce a kan wannan hanya. Sarautar ƙasar kuwa tana Kparatao a ƙarshen ƙarnin, a hannun sarki Jobo Bukari mai mayaƙan dawaki. A zamanin, sanin hanya dukiya ne. Madugu da jagaba su ne suka san mashigin rafi, da zangon da za a yada, da ranar tashi, kuma ba sa faɗa wa kowa, don labarin da ya riga ayari isa daji yakan faɗa kunnen 'yan fashi.

Jamusawa sun gane haka. Sun ƙulla yarjejeniya da sarkin Kparatao, suka kafa bariki a Sokode, suka auna hanyoyi suka zana taswira. Daga baya suka gina babbar tashar sadarwa ta iska a Kamina kusa da Atakpame, mai magana da Jamus kai tsaye. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, tashar nan sojojin Ingila da Faransa suka nufa. Jamusawa suka rushe ta da hannunsu, suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta. Tun lokacin, na'urar aika labari ta zama abin da ake yaƙi a kansa a ƙasar nan.

Yau taswirar da a da sai gwamna ke da ita tana hannun kowa. Google Earth ya fito a 2005, kuma yau mai waya na iya duba hoton tauraron ɗan'adam ya ga gada, da kasuwa, da tashar mota, da hanyoyin daji tsakanin Dapaong da iyakar Burkina Faso. Masu bincike a Indiya sun ce maharan Mumbai na 2008 sun yi amfani da irin waɗannan hotuna. Sai dai hoton sama yawanci tsoho ne, na watanni ko shekaru. Yana nuna wuri, ba ya faɗin lokaci. Lokacin daga bakinmu yake fita: saƙon murya a zauren WhatsApp cewa mota ta tashi daga Mango da kaya kaza, ko bidiyon shingen sojoji da yaron mota ya ɗora a Facebook.

Wannan ba tatsuniya ba ce a arewacin Togo. A daren 10 zuwa 11 ga Mayun 2022, 'yan bindiga sun kai hari Kpekpakandi a yankin Kpendjal, sojoji 8 suka rasu. A watan Yuni gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes, wanda Dapaong ce hedikwatarsa. Duk mai bin hanyar Lome zuwa Sinkase ya san yadda bincike ya ƙaru tun daga nan.

Idan kuma hukuma ta tsorata da waya, mu ne muke fara ɗanɗana kuɗarmu. A Satumban 2017, bayan zanga-zangar da ta yi ƙarfi a Sokode tun watan Agusta, an katse intanet a Togo na kwanaki, kuma a 2020 kotun ECOWAS ta ce hakan ya saɓa doka. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a duk jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, sannan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Ɗan kasuwar da ba shi da layi ba ya jin farashi, ba ya tura kuɗi, ba ya sanin inda direbansa ya kwana.

Ba ma cewa a jefar da waya, don da ita muke ciniki. Roƙonmu shi ne mu koma ga tarbiyyar madugu. Ranar tashi da yawan kaya su tsaya tsakanin mai kaya da direba da mai karɓa. Kada a ɗauki hoton shinge ko motar sojoji. Shugabannin zaurukanmu su san mai kowace lamba, su cire wadda ba a san mai ita ba. Kada mu saya wa baƙo layi da katin shaidarmu, komai ɗan abin da ya bayar.

Allah ya tsare hanya, ya mai da kowa gida lafiya, ya maimaita mana.