Fascia: kalma ɗaya a bakin likita da kafinta

Bahaushen da ya zo Kumasi daga Yamai ko Lome zai iya jin kalmar "fascia" a wurare biyu da ba su da alaƙa: a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, da kuma kasuwar katako ta Sokoban. Asalinta Latin ne, ma'anarta ɗamara ko ƙyallen ɗaure rauni.

A jikin mutum, fascia shi ne tantanin da ke naɗe tsoka da jijiyoyi da kayan ciki, yana riƙe kowanne a mazauninsa. Mahauta sun fi kowa saninsa: shi ne farar yanar nan mai tauri da suke yankewa kafin a yi tsire. Akwai na ƙarƙashin fata, akwai mai kauri da ke manne da tsoka.

Wanda ya fi damun mutane shi ne na tafin ƙafa, wanda ya tashi daga dunduniya zuwa gindin yatsu. Idan ya wahala, sai mutum ya ji zafi a dunduniya a takun farko da safe, ya lafa bayan ɗan tafiya, ya dawo bayan dogon zama. Masu yini a tsaye a kasuwar Kejetia, musamman mata 'yan dako, suna cikin waɗanda abin zai iya kamawa. Yawanci hutu, miƙe jijiyar ƙafa da takalmi mai laushi sukan taimaka, ko da yake yakan ɗauki watanni. Amma akwai wani mai haɗari: ƙwayoyin cuta kan shiga ta ɗan rauni su bi tantanin suna kashe shi cikin sa'o'i. Kumburi mai saurin yaɗuwa, zazzaɓi, da zafin da ya fi girman raunin, musamman ga mai ciwon suga, ba abin jira ba ne. Sai asibiti, domin sau da yawa tiyata ake yi.

A gini kuwa, fascia katako ne da ake bugawa a kwance a bakin rufin kwano, ya rufe kan katakan da ke ɗauke da rufin. A jikinsa ake maƙala indararo. Kumasi na da damina biyu a shekara, don haka a gidajen Aboabo da Sabon Zongo shi ne yakan fara ruɓewa idan ba a yi masa fenti ba. Wawa ya fi araha, amma odum ya fi jure ruwa da gara.

Mai Faransanci ya kula: likita a Nijar ma zai ce "fascia", amma kafinta "planche de rive" zai ce.