Haɗaɗɗen Mataci Mai Ramuka

Haɗaɗɗen mataci abu ne mai ƙananan ramuka da ake haɗawa daga gawayi, yumɓu ko tsatsar ƙarfe domin cire guba daga ruwa. Idan ruwa ya ratsa shi, sai sinadaran su manne a bangon ramukan. Giram 1 na gawayin da aka gasa da tururi, in aka auna faɗin ramukansa, yakan wuce murabba'in mita 500. Sai dai gawayi kaɗai ba ya kama gubar asenik sosai, shi ya sa ake haɗa shi da ƙarfe. Matacin SONO na Bangaladash, wanda ya jawo wa Abul Hussam kyautar Grainger a 2007, da ƙarfe da yashi da gawayi yake aiki. In ramukan sun cika, dole a sauya matacin.