Kama Da Wane Ba Ta Wane: Batun Faifai Mai Tashi a Zanen Mutanen Da



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu auna wata da'awa da ta bazu a duniya, watau cewa wai zane-zanen mutanen da suna ɗauke da hotunan jiragen wasu halittu da suka ziyarci duniyarmu daga sararin samaniya. Kafin mu shiga misalai, ya kamata mu lura da shekarun da'awar kanta. A watan Yuni na 1947 ne wani matuƙin jirgi Ba'amurke, Kenneth Arnold, ya ce ya hangi wasu abubuwa tara suna gudu a sama kusa da Dutsen Rainier, jaridu kuma suka laƙaba musu sunan faifai mai tashi. A 1968 marubucin nan ɗan Suwizalan, Erich von Däniken, ya fitar da littafin da ya shahara da wannan ra'ayi. Ke nan sai da faifan ya shiga kan mutane tukuna suka fara ganinsa a jikin tsofaffin hotuna.

Misali na farko shi ne zanen da Carlo Crivelli ya yi a 1486 domin garin Ascoli Piceno na Italiya, wanda ke ajiye a gidan adana zane na ƙasa a Landan. Zanen yana nuna busharar da aka yi wa Nana Maryama. Akwai wani da'ira a cikin gajimare, haske ya miƙe daga cikinta har kan Maryama. Daga nesa da'irar ta yi kama da faifai, amma wanda ya matsa kusa zai tarar kawunan mala'iku ne jere cikin gajimare, a tsakiyar hasken kuma ga kurciya, wadda Kirista ke alamta Ruhu Mai Tsarki da ita. Mutanen Ascoli sun san wannan alama sarai, domin masu zanen zamaninsu sun sha yin irinta.

Misali na biyu yana Palenque ta ƙasar Meziko. A 1952 Alberto Ruz ya buɗe kabarin Sarki Pakal na al'ummar Maya, wanda ya rasu a 683. An ce sassaƙar da ke kan murfin kabarin ɗan sama jannati ne zaune cikin kumbo. To, amma yanzu masana suna karanta rubutun Maya. Abin da aka kira kumbo itacen duniya ne na addininsu, wanda ya bayyana a wasu sassaƙe-sassaƙen garin, abin da ke ƙarƙashin sarkin kuma bakin lahira ne a buɗe. Rubutun gefen murfin yana lissafa ranakun mutuwar magabatansa da tasa.

Misali na uku ya fi kusa da gida. A duwatsun Tasili, kudu maso gabashin Aljeriya, akwai zane fiye da 15,000, wasu tun lokacin da Sahara ke da ruwa da ciyawa da shanu. Henri Lhote, Bafaranshen da ya kwafe su a 1956 da 1957, ya ga wani ƙaton hoto mai mulmulallen kai a Jabbaren, ya yi masa laƙabi da babban ubangijin mutanen duniyar Mas. Laƙabin ya faɗa hannun masu da'awa, suka mai da shi hujja, suka ce hular kwanon ɗan sama jannati ce. Alhali kuwa duk wanda ya taɓa ganin dodo ya fito a bikin gargajiya a wannan nahiya ya san mutum kan rufe kai da fuska domin tsafi ko rawa, kuma bayanin da yawancin masana suka karkata gare shi ke nan.

Wani zai ce, mene ne illar wannan nishaɗi? Illar tana nan, kuma mun taɓa ɗanɗana ta. A 1910 Bajamushen nan Leo Frobenius ya ga kawunan Ife, kyansu ya ba shi mamaki, sai ya danganta su ga ɓatacciyar ƙasar Atlantis, don ya kasa yarda baƙar fata ne suka ƙera su. Jiya an ba baƙi daga hayin teku aikin kakanninmu, yau ana ba baƙi daga sama. Idan muka yi sakaci, gobe zanen duwatsun Birnin Kudu da gumakan Nok za su bi sahu.

Saboda haka ina roƙon ɗalibanmu, duk sa'ad da aka nuna muku tsohon hoto aka ce ga faifai, ku yi tambaya uku: wa ya zana shi, don wa ya zana shi, kuma me mutanen zamaninsa suka fahimta da shi? A misalai ukun da muka duba, waɗannan tambayoyi sun mayar da kowane zane hannun masu shi.