Daga Gayya Zuwa Bulala

A Funtua na tashi, mai karatu, kuma na buɗi ido na tarar da gayya. Damina na matsowa mai unguwa zai sa a yi shela, samari su fito da shebur su yashe magudanan ruwa, mata su dama kunu, makaɗi na zuga su. Ko kwabo ba a biyan kowa.

A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta kawo Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 1985 ta ƙara da tsaftar muhalli. Gari kam ya yi fes, ban musa ba. Sai dai shara ta koma ta tsoron bulalar soja. Mahaifina, da bai taɓa fashin gayya ba, ranar tsafta mu yake turawa, shi ya yi zamansa a zaure.