Tasirin Zafi da Ƙura a kan Tsara Ƙaramin Jirgin Jet Mai Rimot a Birnin Kebbi

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda yanayin kwarin Rima ke sauya lissafin ƙera ƙaramin jirgin jet da ake tuƙawa da rimot. Ta nuna cewa zanen da aka yi don iskar Turai ba zai dace da unguwa irin Nasarawa a Birnin Kebbi ba, sai an sake auna fiffike da mashigar iska.

Injin da ke tura jirgin

Iri biyu ne suka fi yaɗuwa. Akwai injin jet na ainihi mai shan kananzir, wanda Bajamushe Kurt Schreckling ya buɗe hanyar ƙera shi a gida wajen ƙarshen shekarun 1980. Irin wannan kan zarce juyi 100,000 a minti guda, ga tsada, ga hatsarin gobara. Akwai kuma fanka da ke juyawa a cikin bututu da ƙarfin batir. Ita ce daidai aljihun ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru ko jami'ar da ke Aliero, kuma a kanta aka ɗora wannan lissafi.

Kaurin iska

Jirgi a kan iska yake dogara, iska kuwa tana rage kauri idan ta ɗumama. A daidai tsayin teku, idan zafi yana digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, kubik mita ɗaya na iska yana da nauyin kilogiram 1.225. Yawancin zane-zanen da ake saukewa daga intanet a kan wannan adadi aka gina su. A digiri 40, wanda Birnin Kebbi kan kai har ta wuce a watannin Afrilu da Mayu, nauyin ya koma kusan 1.13, wato an yi asarar kashi 8 cikin 100 tun ba a saka tsayin garin a lissafi ba.

A ɗauki jirgi mai nauyin kilogiram 1.5, faɗin fukafukansa murabba'in mita 0.2, ma'aunin ɗagawarsa mafi girma kuma 1.0. A iska mai sanyi, mafi ƙarancin gudun da zai riƙe shi a sama mita 11 ne a daƙiƙa. Da bazara sai ya kai 11.4. Bambancin kamar ba komai ba ne, amma asara biyu ce ke haɗuwa: jirgin na neman ƙarin gudu a daidai lokacin da fankar ta rasa kusan kashi 8 na ƙarfin turinta. Tazarar da zai yi gudu a ƙasa kafin ya ɗaga sai ta ƙaru da kusan kashi 18. A nan ne jirage da yawa ke karyewa, a ɗora wa matuƙi laifin da na zane ne. Maganin shi ne a faɗaɗa fiffike da kashi 9, ko a rage nauyi da kashi 8. Cibiyar nauyi kuma ta zauna tsakanin kashi 25 da 30 na faɗin fiffike daga bakinsa na gaba.

Ƙura da tsakuwa

Galibin zane-zanen na sanya mashigar iska a ƙarƙashin jirgi ko a gefensa, domin an yi su ne don kwalta da ciyawa. A filin marmara, irin wannan mashiga tsotsar yashi take yi. Idan aka kwance fankar da ta sha tsakuwa, za a ga bakin ruwanta ya yi gimtse-gimtse, boris ɗinta na gurnani in an juya shi da yatsa. Gara a mayar da mashigar saman gadon baya, a cilla jirgin da hannu ko da roba, a bar tayoyi. Hazon hunturu kuma kan ɓoye jirgi tun saƙon rimot mai gigahaz 2.4 bai yanke ba, don haka jan fenti ko ruwan lemo ya fi toka-toka irin na jiragen yaƙi, komai kyansa.

Kayan aiki da batir

Katakon balsa sai an yi odarsa. Farin soson da ake tallafe firji da shi a kwali yana maye gurbinsa, in an ƙarfafa shi da siririn falanki, sai dai fenti mai sinadari kan cinye shi, baƙin launi kuma kan sa ya kumbura a rana. Batirin litiyam, mai bolt 4.2 a kowane ɗaki idan ya cika, yana lalacewa in zafinsa ya haura digiri 60, saboda haka dole a huda masa mashigar iska ta kansa, a kuma yi gwaji da sassafe.

Doka da filin gwaji

Ƙera jirgi marar matuƙi ba baƙon abu ba ne a Arewa: a Kaduna aka ƙaddamar da Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, duka na Rundunar Sojan Sama. Amma tayar da irinsa na ƙarƙashin ikon Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Najeriya, kuma sai da izini. Cikin unguwa ba wurin gwaji ba ne, haka ma kewayen filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. Buɗaɗɗen fili a bayan gari, nesa da gidaje da garken shanu, bayan an kawar da amfanin gona kuma da yardar mai filin, shi ya fi dacewa.